Tafiyata da Gatari Zuwa Kufan Garinmu

Kafin wani ya riga ni, gara in faɗa da bakina: a cikin wannan tafiya akwai wawa guda ɗaya, kuma ni ne. Na ji Mai Unguwa Sale yana ba da labarin a kasuwar Sandamu yana ƙara masa gishiri, shi ya sa na ce bari in rubuta nawa. Ai ba a banza gwamnati ta koya mini boko a ajin yaƙi da jahilci ba, har na yi masinja a ofishin En'e na Daura. Wanda ya daɗe yana ɗauke da takardun manya a hammata, ko bai karanta su ba, wani abu ya shiga jikinsa.

Ga yadda abin ya taso. An haife ni a Ƙauran Tambai, wani ɗan ƙauye a bayan Sandamu wanda yanzu ba kowa a cikinsa. Ina saurayi rijiyar garin ta rufta, ruwan kududdufi ya cika mutane da kurkunu, sai aka tashi gaba ɗaya aka koma inda aka haƙa rijiyar siminti, aka sa wa wurin Sabon Ƙaura. Mahaifinmu a sabon garin ya rasu. Inna kuwa, mahaifiyarmu, ta rasu ana saura shekara a tashi, kuma a zamanin ƙauyen ba shi da maƙabarta, a bayan ɗakinta aka binne ta. Shekara arba'in ke nan ko fiye, ban sake taka wurin ba.

To a shekarun nan da kuɗin fetur suka fara zuba, bayan farin da ya kashe shanu, wani Alhaji ya sami dajin da ya haɗa da kufan namu zai yi gonar zamani, har ya kawo katafila. Mutumin kirki ne, don ya ce duk mai kabari a wurin ya zo ya nuna, a kewaye a bar masa. Mai Unguwa Sale, ɗan kawunmu kuma taubashina, ya aiko cewa sauran dangi duk sun nuna nasu, saura na Inna, kuma ranar Asabar katafila za ta hau tudun da kufan yake. In ba a nuna ba, a bi ta kai.

Da na kai wa yayata Hansai labari, ta ce da ita za a. Na tuna mata idonta ya yi yana, ko fuskata ba ta gani sosai. Ta ce wannan ba hasara ba ce. Na ce mata ai mata ba sa zuwa kabari. Ta ce ita gidan ubanta za ta, in kabari ya tare ta a tsakar gida ba laifinta ba ne. Na ƙyale ta, amma na gaya mata ta kwantar da hankalinta: gidanmu yana gindin babban gawo, kududdufi yana yamma da shi, ko an rufe mini ido zan kai mutum.

TASHI DAGA DAURA

Ranar Laraba, ana fitowa daga sallar asuba, na biya gidan ɗanta Habu na ɗauko ta, muka bi ta gefen Kusugu muka nufi tasha. Kada a tambaye ni ƙarfe nawa. Ina da agogo, na ma ɗaura shi, amma tun ranar da na bar aiki ya tsaya, na kuwa bar shi ya huta kamar maigidansa.

Abu biyu na ɗauka. Na farko sabuwar rigar shadda shuɗiya wadda Habu ya kawo mini daga Legas, na sa ta don mutanen Alhaji su san da tsohon ma'aikaci suke magana. Na biyu gatari, don in na nuna wurin in sare ciyayi, in share, ya zama fes kamar yadda Inna take barin tsakar gidanta.

Muka sami kiya-kiya tana lodi. Direban, wani siriri mai gashin baki, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Baba, biki za ka ko itace?” Na ce masa aikin hukuma ne, kuma ba a faɗin aikin hukuma a tasha. Ya ba Yaya gidan gaba, ni da aikin hukumata aka cusa mu a baya tsakanin buhun barkono da wata mata mai kaji.

HANYAR SANDAMU

Ba mu yi nisa da gari ba muka tarar da shinge: ganga biyu da katako, ɗan sanda ɗaya, da wani malamin daji yana zaune a kan babur ɗinsa. Ɗan sandan bai kula kowa ba, amma malamin dajin ya hango ƙotar gatarin. Ya tambayi inda za ni da shi, ya yi mini doguwar nasiha cewa sare gawo ko kanya ba da izini ba laifi ne. Ina shirin gaya masa ofisoshin da na shiga kafin a haife shi, sai Yaya ta leƙo ta ce, “Ƙyale shi, ɗana. Rabonsa da sara tun yana da haƙora.” Mota ta ɗauki dariya, aka ɗage katako.

Abin da na lura da shi a hanya shi ne darbejiya. Muna yara ba mu san ta ba. A gabana aka fara kawo ta, ana dasawa a jere a bakin titi, ana kewaye ta da ƙaya, ana ba ta ruwa kamar jaririya. Yanzu ga ta a gefen gonaki, ga ta a bayan shinge, ga ta ƙarƙashin wata tsohuwar tsamiya inda na tabbata ba mahalukin da ya dasa. Direba ya ce jemagu ne, su sha 'ya'yan su yar da ƙwallon inda suke rataya. Na ce ashe jemage ya fi malamin dajin can aiki, ga shi ba albashi ba babur.

SANDAMU

Mun sauka hantsi bai ɗaga ba. Muka karya da koko da ƙosai wurin wata dattijuwa da ta ƙi karɓar komai daga hannun Yaya, amma ta karɓa daga nawa ba musu. Motar Sabon Ƙaura sai ranar kasuwa, don haka muka zauna jiran sa'a.

Sa'ar ta zo a a-kori-kura, ɗauke da gangunan man katafila. Wanda yake gaba shi ne helman aikin Alhajin, wato shugaban leburorinsa, sunansa Isa, Bakano ne, mai ladabi amma mai sauri. Da ya ji abin da ya kawo mu ya sauko ya ba Yaya wurinsa, ni da shi muka hau baya muka riƙe ganga. A hanya ya yi mini bayani cewa katafila ba ta san kabari ba, ba ta san masallaci ba, abu ɗaya take ganewa: jan fenti. Itacen da aka shafa wa ja za ta kewaye, wanda ba a shafa wa ba kuwa ya zama gawayi. Na gyara zaman agogona yadda zai gani, na ce masa ya tanadi fentinsa, aikin gobe ba zai kai shan ruwa ba.

Hanyar yashi ce, motar tana tafiya tana nishi. Sau biyu muka sauka muka tura. Wato su suka tura, ni ina ba da umarni saboda rigar.

SABON ƘAURA

Mun isa ana kiran azahar. Sale ya fito, ya durƙusa ya gaida Yaya, sannan ya juyo ya tambaye ta ko wannan baƙon hakimi ne ko marokinsa. Na ce masa rawanin nasa ya yi kama da an ɗaure wa tulu baki. Muka rungume juna. Aka kawo fura da nono mai kauri, irin wadda ba a samu a birni, na sha har na sassauta mazagi. Yaya ta shiga wurin mata, ni aka shimfiɗa mini a zaure.

Da la'asar muna zaune a ƙofar gida na ga garin shiru, tsofaffi da ƙananan yara kawai. Sale ya ce samari duk sun tafi, wasu Kano, wasu Legas, masu gadi da masu dako da masu lebura. Wanda zai yi wata guda ya sami abin da gona ba ta ba shi a shekara, wa zai riƙe shi? Gonaki da yawa sun zama saura, ba mai noma su. Shi ya sa da Alhaji ya zo neman daji ba wanda ya yi gardama.

Sannan ya ce in yi hankali gobe, wurin ba yadda na bar shi yake ba. Shi kansa da yake kusa, gidajen mutane sun ɓace masa. Na ce masa wannan matsalar wanda bai yi makaranta ba ce. Ƙasa ba ta tafiya ko'ina, gawo ba shi da ƙafa. Aka kawo tuwon gero da miyar kuka, muka ci, na kwanta da wuri.

HANYAR KUFAI

Ranar Alhamis da sassafe Sale ya ɗaura wa bijimansa amalanke. Aka shimfiɗa wa Yaya tabarma a ciki, ni na zauna a gefe da gatarina, Helma Isa ya hau da gwangwanin fenti a cinya.

Gonar farko da muka wuce bayan gari ta wani Audu ce, wanda Sale ya ce bara waccan ya tafi gadi. Har yanzu ana ganin kunyoyin, amma ƙarangiya ta rufe su, tafasa ta bushe a tsaye, tumfafiya kuwa ta fito ko'ina tana baza faffaɗan ganyenta. Gaba kaɗan muka shiga wata da mai ita ya rasu ba magaji, ta kai shekara goma a kwance. Nan ba kunya ko ɗaya. Sabara da kalgo sun kai kafaɗar mutum, tumfafiya sai ɗaya-ɗaya a gefe, kamar waɗanda aka kora daga taro. Yaya ta ce ta ji ƙanshin sabara. Sale ya tsayar da shanu ya tona gindin wata da ƙafa ya nuna mana: yashin da iska take kwashewa a fili ya taru a nan, ganye ya ruɓe a kai, ƙasar ta yi duhu. A cikin wannan duhun ga wani ɗan tsiro mai ƙaya, ya ce aduwa ce.

Da muka ƙara gaba, wajen gonakin da aka bari tun tashin gari, sai inuwa ta rufe mu. Aduwa, bagaruwa, gawo nan da can. Sabarar da take sarauta a baya ta zama 'yar rakiya, ta rame a ƙarƙashin manya. Tumfafiya ko ɗaya ban gani ba.

Nan ilimina ya motsa. Na ce musu ai wannan tsarin ofis ne, ni na san shi. Tumfafiya ita ce masinja: ita take fara zuwa tun ba kowa, wurin da ba wanda zai yarda ya zauna, ta buɗe ƙofa ta kakkaɓe kujeru. Sai akawuna su iso, su ne sabara da kalgo, su baje takardu, a ce masinja ya koma waje. Can rana ta ɗaga manya su shigo da manyan riguna, akawu ma ya rage murya. Ba wanda yake tuna wa ya buɗe ƙofa. Helma Isa ya yi dariya ya ce wallahi haka ne. Sale ya ce abin da ya fi burge shi a misalin shi ne na san matsayina.

Na yi dariya tare da su, amma a zuciyata wani abu ya fara sanyi. Gonar da aka bari shekara biyu na gane ta gona ce. Ta shekara goma sai da aka gaya mini. To ta shekara arba'in fa?

KUFAI

Sale ya tsayar da amalanke ya ce mun iso. Na duba, ban ga inda muka iso ba. Ba bango, ba danga, ba turba. Na tambayi kududdufi, wanda muka yi iyo a ciki, wanda ya taɓa cin jakin wani. Sale ya nuna mini wani ɗan kwari da bai kai gwiwa ba, cike da busasshiyar ciyawa, da giyayya biyu a tsakiya. Ya ce da aka daina ɗibar ƙasar gini, kowace damina ruwa yana zuba masa yashi. Da farko bado ya rufe shi, daga baya kacalla ta kama gefe tana matsowa, sannan ya zama wurin da ruwa yake kwana uku ya tafi. Yanzu kurege ne yake haƙa a ciki.

Ban bari abin ya kada ni ba, don na hango gawo a gabas, babba, ya fi duk na wurin. Na saɓa gatari na ce a biyo ni. Aka bar Yaya a inuwar amalanke.

Tsakanina da gawon akwai wani kurmin ƙaya, dunƙule guda, faɗinsa ya kai ɗaki biyu, wata kanya ta fito ta tsakiyarsa ta yi sama. Maimakon in kewaye shi da nisa kamar yadda su Sale suka yi, na bi ta gefensa don in riga su. Wani reshe ya kama ni a kafaɗa. Na fizge, wani ya kama hannun riga. Na sake fizgewa, sai na ji shaddar Legas ta yi ƙara tun daga kafaɗa har ƙugu. Abin da na faɗa wa ƙayar nan ba zan rubuta shi ba, yara suna karatu. Na kai mata sara biyu, gatarin ya dawo ya kusa cire mini yatsa. Na juya na ce wa Helma ranar Asabar da ita za a fara, kuma ina so a ajiye mini gawayinta. Ya ce an gama.

A gindin gawo na tsaya na karanta wurin da hannu: nan zaure, nan turken jaki, nan ɗakin Inna. Bayan ɗakin kuwa ga wani fili fes, ba ko tsiro, kamar yanzu aka share. Idona ya kawo ruwa. Na ce nan ne. Helma ya buɗe gwangwani.

Sale ya jira har ya ga an tsoma buroshi. Sannan ya ce, a hankali, ba da wasan taubasai ba, wannan gawon a gabansa ya tsiro. Bayan tashin gari Fulani sun yi mashekari a nan damina da yawa, shanu suka ci 'ya'yan gawo a wani wuri suka kasayar a nan, shi ne ya fito. Filin da nake kuka a kai kuwa inda shanu suke kwanciya ne har yanzu. Gawon gidanmu ya daɗe da faɗuwa, an sassaƙa turame da shi, a ɗaya daga ciki aka daka furar da na sha jiya. Na tambaye shi to ina kututturen. Ya ce gara ta cinye, kuma in zai rantse, ba zai iya cewa nan ne ko can ba.

Helma Isa ya rufe gwangwaninsa. Ya ce ya so ya taimaka, amma ba zai shafe tudu guda da fenti ba, Alhaji zai ce ya haukace. Zai jira mu zuwa azahar, daga nan dole ya koma wurin aiki.

Na zaga tudun nan har ƙafata ta gaji. Duk inda na duba itace ne wanda bai san ni ba. Na gane abin da nake nema tun daga Daura: tsakar gida sharariya, wadda aka bar mini yadda take, tana jirana. Wurin kuwa bai zauna jiran kowa ba. Tun ranar da muka ɗaure kaya wasu suka shigo, suka yi zamaninsu, wasu suka karɓa. Na dawo amalanke na zauna kusa da Yaya, na ce mata ban gane ba. Ban taɓa faɗa mata wannan kalma ba tun muna yara.

Ba ta yi mini faɗa ba. Ta kai hannu tana shafa rigar, ta ji yagar, ta bi ta da yatsa har ta ciro wani guntun reshe da ya maƙale. Ta taɓa ƙayar, ɗaya miƙaƙƙiya ɗaya lanƙwasa. Akwai ɗan ja guda a jiki, ta sa a baki.

“Magarya ce,” ta ce. “Sale, tudun nan yana da magarya?”

Sale ya yi tunani ya ce a'a. Magarya tana can kwari, wajen tsohuwar rijiya. A kan tudu dai wannan dunƙulen ne kawai, shi ma ya sha mamakinsa.

“Tanko,” ta ce da ni. Ita kaɗai ta rage mai kirana da wannan suna. “Ran da aka binne Inna, wa Baba ya aika ya jawo ƙayar da aka rufe kabarin saboda kura?”

Na ce ni ne.

“Daga ina?”

Na ce daga kwari.

“Wane lokaci ne?”

Nan take na gani. Bayan girbi ne, kamar yanzu. Magarya ta nuna ja wur. Na tuna ina jan rassan ina kuka, ina tsinkar 'ya'yan ina ci, don tun safe ba wanda ya tuna ya ba ni abinci. Na yi sawu ya fi a ƙirga, har Baba ya ce ya isa. Muka tula su a kan kabarin da 'ya'yansu da komai.

Yaya ta ce in shiga in duba. Dutsen niƙan Inna wanda ya huje a tsakiya, ita Yaya da kanta ta ajiye shi a kabarin wajen kai.

Na tuɓe abin da ya rage na rigar, na kwanta rub da ciki, na bi wata 'yar kafa da dila ko kurege ya yi. Ƙaya ta karɓi rabonta a bayana. Da na wuce bakin sai na ji sanyi. Ciki ba ƙaya mai rai, sai tsofaffin rassa da suka mutu saboda inuwar kanyar, da ganye mai laushi kamar katifa, da sheƙar tsuntsaye a sama. Na tona da hannu kusa da gindin kanyar. Ban daɗe ba yatsana ya shiga rami a jikin dutse.

Na kakkaɓe ƙasar, ga dutsen niƙan Inna. Da na fito, ni da Sale muka haɗa labarin. 'Ya'yan magaryar sun zube, damina ta tsirar da su. Tulin ƙayar ya hana awaki isa gare su har suka yi ƙarfi, suka zama sabuwar ƙaya. Tsuntsu ya sami wurin sauka, ya yar da ƙwallon kanya, ita ma ta girma a ɓoye inda ba bakin da zai kai mata. Da ta yi tsawo ta kashe magaryar tsakiya da inuwa, ta bar ta gefe tana zagaye da ita. Bangon gidanmu ya narke, gawo ya zama turmi, kududdufi ya cike, amma wurin da Inna take bai taɓa zama a buɗe ba ko na damina ɗaya.

Muka kamo hannun Yaya muka kawo ta bakin kurmin. Ta zauna ta yi addu'a mai tsawo, mu ma muka yi. Da aka shafa na nuna mata bayana, na ce duk da haka ƙayar nan ba ta da mutunci. Ta ce, “Shekara arba'in tana gadi, sai ga baƙo da gatari. Ina ta san ka?”

Helma Isa ya tambaya ko a ɗan sassare gefe a yi hanyar shiga. Yaya ta ce a bar shi yadda aka same shi. Ya zagaye kurmin yana shafa ja a duk reshen da hannunsa ya kai, har da wurare biyun da na sara, ya kuma kakkafa turaku. Ya ce zai gaya wa direban katafila da bakinsa, kuma maganar gawayi ya ɗauka an janye ta. Na ce an janye.

A hanyar komowa Sale ya waiwaya ya dubi kanyar. Ya ce ranar Asabar duk wannan daji zai kwanta, amma shi ya ga gonaki da yawa a rayuwarsa, bai ga wadda aka noma har abada ba. Ranar da Alhaji ko jikansa ya gaji, tumfafiya za ta zo ta buɗe ofis, kuma tsuntsayen da za su kawo sauran daga wurin Inna za su tashi.

KOMOWA

Mun sake kwana a Sabon Ƙaura, matar Sale ta ɗinke mini rigar da baƙin zare, don shi ne da ita. Sale ya riƙe gatarin, ya ce ya fi aminci a hannunsa. Ranar Juma'a a-kori-kurar Helma ta sauke mu a Sandamu, muka sami mota, muka shigo Daura kafin a tafi masallaci. Bayan mako biyu Sale ya aiko cewa an share tudun kaf, kurmin yana nan tsaye shi kaɗai a tsakiyar fili da jan fentinsa.

Ina godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Ina godiya ga Helma Isa da ya yi haƙuri da tsoho, da Alhajin da ban taɓa gani ba, da matar Sale, da Sale kansa, ko da yake rabin abin da yake faɗa a kasuwa ƙarya ne.

Saura abu ɗaya. Ranar da muka dawo, da yamma, maƙwabta suka taru a gidan Habu yi mana barka da zuwa. Na ba su labari tun daga tasha. Da na zo ƙarshe na gyara murya na ce in aka duba da idon ilimi, ni na dasa wannan kurmi. Tun ina saurayi na yi wa Inna shingen da ya shekara arba'in, abin da ko gwamnati ba ta taɓa yi ba, kuma ya kamata a san da haka a cikin dangi.

Yaya tana kan tabarma tana jan carbi. Ba ta ko ɗago ba.

“Ka ci 'ya'ya ka tofar da ƙwallo,” ta ce. “Akuya ma kullum haka take yi, ban taɓa jin ta tara mutane a gode mata ba.”